Ƙafar Gwaggo a Ruwan Bututu

Tun kafin ta sa ƙafa a ruwan, Gwaggo ta san yau akwai magana. Diddigenta na hagu yana zugi kamar an cusa garwashi a ciki an ɗinke. Ta tsaya a bakin magudana da kwandon latas a ka, tana duban bututun da ke aman ruwa daga ƙarƙashin katangar matata. A bayan katangar nan ake tara duk ƙazantar gari, ta masai da ta asibitoci da ta mahauta, a juya ta a manyan tankuna, sannan a sako abin da ya rage ta wannan bututu. Ruwan ba baƙi ba ne. Launin tsinkakken shayi gare shi, da farar kumfa a gefe-gefe, da wani wari mai kama da na magani wanda ba ya barin zane ko an wanke shi da sabulu.

"Yaya, rana fa tana yi," in ji Auta daga cikin fangalan kabeji. "Masu sari sun kusa zuwa."

Auta ƙanenta ne. Duk unguwa Mai Lambu ake ce masa, ita kaɗai ke kiransa Auta, don a bayanta ya girma. A gidansa take zaune tun rasuwar mijinta, kuma tun ranar da ta sauke kayanta wankin ganye ya zama aikinta. Ba wanda ya ce ta yi, ba kuma wanda ya taɓa cewa ta huta.

"Auta, ƙafar nan ta kumbura. Kwalbar nan ce da na taka. Ara mini takalminka na yau kawai."

Ya dubi dogon takalmin robar da ke ƙafarsa, ya yi dariya.

"Ai ya yi miki yawa, Yaya. Sai ki kife a ciki, mu rasa latas mu rasa ke. Zan sayo miki daidai ke. Kuma ruwan nan tatacce ne, ba kya jin ƙarar injinansu? Ya fi na rijiyar wasu tsabta."

Ta shiga. Sanyin ruwan ya ratsa yankan ya hau har gwiwa, ta cije leɓe ta sunkuya. Ta wanke latas, ta wanke karas, ta kakkaɓe kabeji. Matan da ke sari suka zo suka kwashe suna yaba kyan ganyen, ɗaya tana cewa ko ina ta kai shi ba ya kwana.

Da la'asar diddigen ya ƙi shiga silifa. Matar Auta, wadda ake kira Maman Yara, ta leƙa ta yamutsa fuska.

"Yaya, ke ma da son jiki. Bari in aika a kira ƙanena."

Ƙanen nata shi ke da kantin magani a bakin layi, kowa Mai Kemis yake ce masa. Ya zo da murmushinsa, ya duba ƙafar daga tsaye ba tare da ya durƙusa ba.

"Wannan ai ƙaramin abu ne, Gwaggo. Ga kafso ja da yalo. Ki sha, da kin ji sauƙi ki ajiye sauran, kada a yi asararsa."

Ta sha. Zugin ya lafa, kumburin ya saɓe, ta ƙulle sauran a bakin zane kamar yadda aka ce, ta koma ruwa. Ba a jima ba ciwon ya dawo, kuma ya dawo da fushi. Bakin yankan ya buɗe ya yi fari, mugunya tana tsatsafowa. Ta kwance ƙullin ta shanye sauran, ko gezau. Mai Kemis ya canza mata zuwa farare. Daga farare ya koma wasu manya masu wuyar haɗiya. Daga nan sai allura, yana yi yana surutu.

"Jikinki ne ba ya karɓar magani, Gwaggo. Ku mutanen da, jininku ya fi ƙarfin kafso. Ni dai duk wanda na ba wannan, washegari da ƙafarsa yake zuwa godiya."

Gwaggo ba ta da bakin dariya. Zama ya gagare ta, kwanciya ta gagare ta. In ta miƙe ƙafar sai ta ji kamar za ta fashe, in ta naɗe ta sai zugin ya koma cinya. Kaluluwa ta fito mata. Zazzaɓi yana zuwa da hantsi, ya sake ta, ya dawo da yamma. Sai ta tashi ta dafa bango ta zaga tsakar gida, ta zauna a kan turmi, ta tashi, ta koma bakin ƙofa, ta rasa inda za ta sa ranta. Alwala ma ta zama aiki. Duk da haka kullum da safe Auta zai tsaya a ƙofar ɗaki ya yi gyaran murya.

"Yaya, ya jiki? Da sauƙi ko? To ki ɗaure ta da leda, kada ruwa ya taɓa. Yau kawai, ganyen ya yi yawa."

Ledar ba ta hana komai. Ruwan yakan shiga ta sama ya kwanta a ciki, ta yini da ƙafa a jiƙe.

Sai wari ya fara. Yara da suka saba kwana a gefenta suka riƙa toshe hanci. Wata rana ta dawo daga lambu ta tarar an fitar da tabarmarta da akwatinta, an kai ɗakin ajiya inda buhunan taki da injin ban-ruwa suke.

"Don ki samu iska ne, Yaya," in ji Maman Yara. "Can ya fi sakewa. Kin ga yara da tsalle-tsalle, kada su taka miki."

Ɗakin ba shi da taga. An ware mata kwano da kofi, ana ajiye mata abinci a bakin ƙofa kamar ana gudun kada a tashe ta. Daga ciki tana jin Maman Yara tana gaya wa maƙwabciya cewa ai ciwon tsufa ne, kowa da nasa, ita ma bayanta ya hana ta sakat amma wa ta gaya wa?

Ranar da ta ga jan layi ya taso daga idon sawu yana bin ƙwauri, ta ja jiki ta sami Auta a tsakar gida yana cin abincin rana.

"Auta, ka kai ni asibiti."

Ya ci gaba da tauna. Sai da ya sha ruwa sannan ya ce, "Yaya, ba ƙi nake ba. Amma kin san mutanen asibiti da tambaya. Ina kika taka, wane ruwa kike shiga, ina lambun yake. Kafin ki ankara sun turo duba-gari. Kin manta lambun can ƙasa? Zuwa ɗaya suka yi suka tuge komai, har yau mutumin bai miƙe ba. Yaran nan da me za su ci? Ke kanki da me za ki ci?"

"Ƙafar fa tana ruɓewa."

"Haba, ruɓewa kuma? Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Suruki ya ce akwai wata sabuwar allura da zai karɓo. Ki bari mu kwashe kabejin nan, da kaina zan kai ki, har na kuɗi in kina so."

Maman Yara ta sa baki daga bakin murhu. "Asibitin ma me za su yi in ba maganin nan ba? Sai dai su ƙara wa mutum ciwo da tsawa. Haƙuri dai, Yaya. Ciwo ba ya wuce ranarsa."

Gwaggo ta dubi ƙanenta. Ta ga ya mai da ido kan kwano, kunnuwansa sun yi ja kamar yadda suke yi tun yana yaro in ya san bai kyauta ba. Ta juya ta koma ɗakin taki.

Aka kwashe kabeji, latas ya kawo. Sabuwar allurar ta zo ta wuce kamar an zuba ruwa a yashi.

A bakin magudana abin ya ƙare. Tana sunkuye da ganye a hannu sai ta ga bututun ya rabu biyu, katangar ta karkata, ƙarar injinan ta yi nisa. Ta faɗi rabin jiki a ruwa. Matan sari suka yi kanta da salati, suka jawo ta kan tudu. A wajen ja ledar ta zame, tsumman da ta naɗe ƙafar da shi ya kwance.

"Innalillahi! Mai Lambu, mece ce wannan?" in ji babbar cikinsu, tana ja da baya da mayafi a hanci. "Ƙafa ta zama haka kuna kallo? Kuma da ita ake tsayawa a wanke mana abin da muke sayar wa mutane?"

Auta ya shiga rantse-rantse. Shi bai san ta kai haka ba. Yaya ce da ɓoye ciwo. Ya yi ya yi da ita a tafi asibiti ta ƙi. Yana faɗa yana ɗaga wa mai tasi hannu, don mutane sun fara taruwa.

A cikin mota ya matso kusa da kunnenta.

"Yaya, kina ji na? Ƙusa kika taka a tsakar gida. Ƙusa. Ba kya zuwa ko'ina, a gida kike. Don girman Allah ki rufa mini asiri."

Haka aka faɗa wa likita. Likitar mace ce, siririya mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta tambayi Gwaggo, Auta ya amsa. Ta sake tambayar Gwaggo, Auta ya sake amsawa, Gwaggo kuma ta gyaɗa kai. Aka wanke ciwon, aka ɗebi mugunyar aka kai gwaji, aka ɗaura mata ƙarin ruwa da maganin da ake ba wanda ya taka ƙusa a gida.

Maganin bai taɓa ciwon ba. Aka canza wani, jan layin ya wuce gwiwa ya dawo, yatsun suka fara baƙi. Gwaggo tana juyi a kan gado, ta cire mayafi ta mayar, ta kira ma'aikaciyar jinya ta rasa abin da za ta ce mata. Auta yakan leƙo da yamma da ledar lemo, ya tsaya daga ƙafar gado yana duba agogo. Maman Yara ba ta zo ba, wai warin asibiti yana tayar mata da zuciya.

Da sakamakon gwaji ya fito, likitar ta zo da safe lokacin da ba kowa a wajen. Ta jawo kujera ta zauna daf da gadon.

"Mama, ƙwayar cutar da ke ƙafarki ba ta jin magani. Mun gwada ta da kusan duk abin da muke da shi, tana nan daram. Ba a cika samun irinta a ƙusar tsakar gida ba. Ki gaya mini gaskiya, ina kike sa ƙafarki?"

Gwaggo ta kau da kai tana kallon bango.

"Bari in gaya miki dalilin tambayata," in ji likitar. "Duk maganin da mutanen gari suka sha, wani kaso nasa ta fitsari da bayan gida yake fita. Na asibitoci ma haka. Duka can matata suke taruwa. Ƙwayoyin cuta suna zaune a tankunan nan cikin ruwan magani iri-iri, masu rauni su mutu, masu taurin kai su rayu su hayayyafa, har su koya wa na kusa da su. Matata tana rage ƙazanta, amma ba ta kashe su duka. Wadda ta fito ta bututu ta riga ta ɗanɗana duk abin da ke kantin kemis. In aka bi ta da kafso rabi-rabi, ƙarfi ake ƙara mata." Ta cire gilashin ta murza ido. "A ɗakin yara ina da masu gudawa da ta ƙi jin magani. Iyayensu ba su san matata ba, ba su taɓa zuwa wajen ba. Ina neman ta inda abin yake isa gare su."

Gwaggo ta tuna hannayenta a cikin ruwan, tana kakkaɓe latas tana jerawa a kwando yana sheƙi. Ganyen da ba a dafawa. Ta yi ƙoƙarin tashi zaune, likitar ta tallafe ta.

"'Yar nan," ta ce, "ba ƙusa ba ce."

Ta faɗi komai, bututun da magudanar da lambun da matan sari, har kafso ja da yalo. Likitar ba ta katse ta ba. Da ta gama sai Gwaggo ta kama hannunta.

"Ƙafar fa?"

Likitar ta mayar da gilashinta. "Akwai magani ɗaya da ya rage, zai tsare miki rai in Allah ya so. Amma daga idon sawu zuwa ƙasa ya riga ya mutu, kuma yana hawa. Da an kawo ki tun tana kumburi, da wata maganar muke yi."

Ƙasa da gwiwa aka yanke.

Kafin a sallame ta duba-gari sun je lambun. Sun ɗebi ruwan, sun tuge ganyen, sun kafa allon hana shiga a bakin magudana. Sun biya kantin Mai Kemis ma sun yi masa tambayoyin da suka sa ya rufe ya bar gari na ɗan lokaci. Auta bai sake leƙowa asibiti ba sai ranar sallama. Ya sa ta a mota da sandunanta, ya kawo ta gida.

Ɗakin taki aka mai da ita. Buhunan suna nan, injin yana nan ya yi ƙura.

Mutane suka yi ta shigowa jaje. Tana jin su a tsakar gida, maza da mata, suna ta Allah ya mayar da alheri, lambu kamar wannan, shekara da shekaru ana wahala, rana ɗaya a tashe shi. Wasu kan leƙo ƙofarta a kan hanyar fita su ce, "Gwaggo, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi," su wuce kafin ta amsa. Maman Yara kuwa ba ta rage murya.

"Mu da muka riƙe ta, muka ci da ita, muka sha da ita. Ƙanena har allura yake mata kyauta. Sakayyar ke nan. Baki ɗaya ta buɗe ta kashe gida biyu."

Gwaggo tana zaune a kan tabarma, yatsun da babu su suna mata ƙaiƙayi. Takan kai hannu ta sosa, hannun ya sauka a kan tabarma.

Wata safiya Auta ya yi gyaran murya a ƙofa, ya shigo ya tsuguna a gefen buhu. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Maman Yara ta biyo shi ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Yaya, na yi tunani," ya ce. "Ke yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ya faru ya faru. Ni dai na yafe miki."

Ta dube shi. Ba wasa a fuskarsa. Har idonsa ya kawo ruwa don jin girman abin da ya yi.

"Ka yafe mini," ta ce.

"Har ga Allah. Abu ɗaya kawai nake roƙo. Na sami wani a ofishin duba-gari, ya ce in kika je kika ce zafin zazzaɓi ne ya sa ki sambatu, ƙusa ce tun farko, za a iya sassauta maganar. Allon ma a hankali sai a cire. Ƙasar nan tana nan, ruwa yana nan yana zuba a banza."

"In an buɗe, wa zai shiga ruwan ya wanke ganye?"

"Wannan ai ba matsala ba ce." Ya yi nuni da haɓa zuwa ƙofa ba tare da ya waiwaya ba. "Ga Maman Yara nan. Kafin a samu hali a ɗauki wani."

Tsintsiyar ta daina motsi. Maman Yara ta sunkuyar da kai. A hankali idonta ya sauka kan ƙafafunta, da faso a diddige duk biyun.

Gwaggo ta kama bakin zanenta ta yaye shi zuwa gwiwa. Dungun yana nan a naɗe da bandeji, guntu, ya tsaya inda ƙwauri ya kamata ya ci gaba. Tun da ta dawo ba wanda ya gan shi a cikinsu. Auta ya kau da kai da sauri.

"A'a, kalla," ta ce. "Ku duka biyun ku kalla. Ke matso, daga nan ba za ki gani da kyau ba."

Maman Yara ba ta matso ba, amma ba ta ɗauke ido ba.

"Ba zazzaɓi ba ne ya yi magana, Auta, ni ce. In sun sake tambayata, abin da na faɗa shi zan faɗa, har in ƙara da wanda na manta." Ta sauke zanen ta gyara shi. "Yafiyar taka kuma ka riƙe abarka. Ni tawa ban kai wajen ba tukuna."

Auta ya miƙe yana karkaɗe wando, yana cewa ai shi ke nan, shi dai ya yi iya nasa, Allah ya gani. Ya zo fita, matarsa tana tsaye a ƙofa ba ta kauce ba. Sai da ya raɓa ta gefe ya wuce.